Mai Amsa Ta Arba'in da Uku

Na sauka Dukku da takardun tambaya ɗari biyu,
kowace da gurbi biyu a goshinta:
namiji, mace. A ja layi ƙarƙashin ɗaya.

Tambaya ta bakwai: wane ne mai gidan?
Goggo Tabawa na matsar tunkuza,
mai na bin yatsunta yana ɗiga a tasa.
Ta ce, "Rubuta Baffa Sale."
Baffa Sale na zaure, shekara tara idonsa a rufe,
carbinsa kaɗai ke tafiya.
Na ce, wa ke awon gero? Ta ce, "Ƙuli."
Kuɗin makarantar jikoki? "Ƙuli."
Kwanon rufin ɗakin nan fa?
Ta yi dariya: "'Yar boko, ba kya gajiya?
Rubuta sunansa. Rawani ba ya noma,
amma ba a ajiye shi a ƙasa."

Na komo Gombe da maganar a bakina, da zafinta.
Dakta Lamara ya zare jan biro:
"Wa ya faɗa? Wace shekara? Shafi nawa?
Ina ra'in da kika ɗora ta a kai?"
Na kwana uku ina aron sunaye daga ƙetaren teku,
ba wanda ya taɓa shaƙar ƙaurin gyaɗa.
Suka zauna a babi na biyu kamar surukai,
Goggo ta shige jadawali,
ta zama ɗigo cikin kashi sittin da ɗaya.

A daren da nake harhaɗa alƙaluma,
Isiyaku na jijjiga Ummita a kafaɗa,
ya ƙona mana wake, ya kankare tukunya.
Shi ma ba shi da gurbi a takardata.

Ranar kare kundi an yaba tsarin bincike.
Wani ya gyara mini waƙafi biyu.

Bayan Sallah na kai mata shi, baƙin bango, rubutun zinare.
Ta goge hannu a zane, ta auna nauyinsa.
"Ina nake a ciki?"
Na buɗe, na nuna: Mai amsa ta arba'in da uku.
Na ce ƙa'ida ce, ana sakaya suna.
Ta daɗe tana duban lambar.
"Ni na ɓuya a bayan Baffa da sanina.
Ke fa, wa ya sa ki?"

Ta ƙulla mini ƙuli na ɗari biyar,
ta ƙi karɓar kuɗi.