Hoton Da Ba Komai A Cikinsa

Ni na koya wa Hajjo, a rumfata ta gyaran waya
bayan Tsohuwar Kasuwar Gombe,
ranar da ruwan sama ya kore mana ciniki.
Na ce mata hoto ba fata guda ba ne,
ɗigo ne kusa da ɗigo, kamar gero a faifai.
Ɗauke ƙwaya ɗaya, ki sa wata mai kama da ita,
wa zai zauna ƙirga?
Ja ya ƙara ja da kaurin silin gashi,
shuɗi ya ɗan rage shuɗi,
ido ya wuce bai yi tuntuɓe ba.
To a nan harafi ke kwana.

Ta ce, mabuɗin fa?
Muka zaɓi sunan akuyar Inna,
wadda ta cinye mini takardar sakamako ina aji uku.
Mu biyu muka rage da sanin sunan nan.
Ko a waƙa ba zan faɗe shi ba.

Ta koma Bajoga, siton taki,
inda littafin shige da fice ke hannunta.
Kowace Laraba sai hoto ya iso:
tumatir a kwando,
kyanwa tana barci bisa buhu,
wani yaro na tura baro.
Manaja ma yakan leƙa wayarta ya yi dariya,
wai yarinyar nan ba ta da aiki sai ɗaukar kyanwa.
Ni kuwa in sauke ƙofa, in rubuta sunan akuya,
sai kyanwa ta buɗe baki:
buhu ɗari da arba'in sun fita da dare,
littafi ya ce sittin.
Lambar mota. Sunan direba. Wanda ya sa hannu.

Wata bakwai ina tarawa,
ina kai wa lauya Giɗaɗo cikin ambulan.
Na zama mai ɓarar gyaɗa,
ƙwaya nake so, ɓawo na iska ne.
Ban taɓa duban tumatirin ba.
Da za a tambaye ni launin kyanwar, wallahi da na faɗi.

Larabar ƙarshen Sha'aban wani ya shigo.
Na sa mabuɗi. Shiru.
Na sake da manyan baƙaƙe, na sake da ƙanana.
Na zargi manhaja, na zargi sabis,
na ce ko hanya ce ta matse hoton
ta murƙushe saƙon, yadda takan yi.
Na tankaɗe ɗigo ɗaya-ɗaya har aka kira assalatu,
ko wasali ban samu ba.

Da safe Bappah, yaron rumfata,
wanda bai san ɗigo ba, bai san akuya ba,
ya leƙo ta kafaɗata da ƙosai a hannu.
Ya ce, Oga, wannan ba tagar asibiti ba ce?
Ga ƙarfen ƙarin ruwa nan a gefe.
Hannun wa ne ya rame haka?

Sai na duba.

Zoben azurfar Inna ne, ya ƙaura zuwa babban yatsa
don ya daina zama inda ya saba.
Na bi baya, hoto bayan hoto.
A na tumatir, hannun da ke riƙe da kwando cike yake.
A na kyanwa, inuwarta a bango ta fara sirancewa.
A na baro, ga ledar magani a bakin taga,
ba wanda ya ɓoye ta.
Wata bakwai tana gaya mini a sarari,
ni ina can ƙasa ina haƙa.

Na fita ban ko zare wayoyin mutane daga caji ba.
A motar Bajoga, matse tsakanin buhun albasa da wani tsoho,
na riƙe hoton ina kallo
yadda kowa ke kallo,
da ido kawai.

Direba ya tsaya a Malam Sidi zai ƙara fasinja.
Na rubuta mata: ina hanya, ƙanwata.
Haka nan, tsirara,
ba akuya, ba kyanwa.
Duk mai son karantawa ya karanta.