Sikeli a Kicin ɗin Mma Lariba

Na sayo sikeli a Kejetia,
ɗan ƙarami mai batir, mai jan ido,
na kai shi Aboabo cikin jaka
don in kama miyar Mma Lariba a takarda
tun hannunta bai fara rawa ba.

Ta ce, "Albasa, gwangwanin madara biyu."
Na yanka, na cika, na ɗora.
Giram ɗari da casa'in.
Na rubuta, har da jan layi.

Sai ta karɓe wuƙar,
ta sake bin albasar nan tawa
har ta koma kamar tsakin masara,
ta mayar.
Gwangwani na biyu ya tsaya a rabi.
Sikeli bai canza magana ba.

"Ina sauran ya tafi, 'yar boko?"
Na yi shiru, idona na ruwa,
na ɗora wa albasa laifi.
"Iska kika auna, Zuwera.
Mai yanka da gaggawa
rabin gwangwaninta iska ne."

Ayoyo ya cika kwano har yana zuba,
sikeli ya ce bai kai tumatir uku ba,
tukunya ta haɗiye shi, ko gyatsa babu.

Na ce, "Gishiri fa?"
Ta miƙo yatsu uku a haɗe.

Na kama hannun, na ɗora shi a sikeli.
Lambobi suka yi ta tsalle,
suka ƙi tsayawa.
Ta ce, "Rubuta wannan,"
ta juya ta rage wuta.