Ruwan Batir

Adakar Baba ta sha damina uku a ƙuryar zaure
kafin in sami zuciyar buɗe ta.
Faya-fayai arba'in da ɗaya, baƙaƙe wulik,
kowane cikin rigarsa ta kwali.
Gara ta ci gefen wasu,
fumfuna ta yi wa sauran furfura.

Na ɗora guda a garmaho.
Allura ta sauka, sai ƙaras-ƙaras,
kamar ana suyar fara a bayan katanga,
mawaƙin yana can ƙasa yana kira
kamar wanda ya faɗa rijiya da garayarsa.

Harisu, ɗan ƙanwata, ya jawo salula:
"Kawu, ai akwai injin wanke su.
Wannan tsotsa yake, ruwa da datti gaba ɗaya,
amma kukansa sai ka ce injin markaɗe.
Wancan baho ne, faifai na juyi a tsaye,
ruwa na rawa da wani sauti da kunne ba ya kamawa.
Na ukun ba ruwansa da wuta, hannu ke juya shi."
Na ce nawa na bahon?
Ya faɗa. Na ce sake faɗa.
Ban da dako daga Kwatano, ban da 'yan duwan.
Na lissafa shi da buhunan gero, yatsuna suka ƙare.
Ga wutar Bagalam ba ta cika alkawari.

Sai na nufi rumfar Nomau mai gyaran rediyo,
bakin babbar kasuwa.
Ya ɗaga faifan ga haske, yatsa a cibiya, yatsa a baki.
"Gona ce," in ji shi, "kunya ɗaya tak,
ta taso daga gefe tana zagaye har tsakiya.
Bi kunya, kada ka ƙetare ta.
Je wurin bakanike ka sayo ruwan batir,
na famfo gishiri yake bari.
Sabulun ruwa, ɗigo guda, kada ka yi kyauta.
Takardar tsakiya ba ta shan ruwa.
Shanya a inuwa,
ranar Maraɗi akushi za ta mai da shi."

Kwana biyar ya haɗa mini nawa injin:
cibiyar ƙafar keke, murfin samira biyu,
mariƙin tsohon keken ɗinki.
Jaka huɗu, da goro.

Ran Lahadi na zauna gindin dalbejiya.
Harisu na juyawa, ina bi da buroshi mai laushi,
ruwa na fita ja-ja, sannan fari.
Muka jera su a kwandon kwanuka
suna ɗiga kamar yaran da suka fito daga Gulbi.

A na sha tara na tsaya.
Ga shatin babban yatsa a gefe,
man gujiya ne, ya bushe ya yi ƙamas,
da layin yankan da wuƙar buhu ta yi masa
shekarar da ya fara awo.
Na san yatsan nan. Ya sha ja mini kunne.
Harisu ya ce, "Kawu, in juya?"
Na ce dakata.
Ladan ya kira la'asar, ruwa ya fara bushewa a buroshi.
Na ce juya.

Da dare wuta ta zo, ba mu tambaye ta dalili ba.
Allura ta sauka.
Babu suya. Mutumin ya fito daga rijiya,
ya zauna kan tabarma tare da mu,
har numfashin da yake ja kafin baiti ana ji.
Inna ta leƙo daga ɗaki riƙe da carbi,
ba ta ce komai ba, ba ta kuma koma ba.

Can wajen tsakiya allura ta yi tuntuɓe,
kalma guda ta maimaita kanta,
ta maimaita, ta maimaita.
"Wannan ba datti ba ne," in ji Inna.
"Ranar sunanka ya bangaji teburin."
Ta matso, ta sa farce
ta tura allurar gaba kaɗan.