Bakin Zare

Kwana shida Benilda tana ƙuna kamar garwashi.
Uwarta ta ajiye jakar da take ɗinki,
allura soke a gefe, zare na reto,
ta ce mini, "Kasimiro, hau dutse."

Na hau.
Na bar gonar ayaba, na bar rake,
na ƙetare kadarkon da ke rawa bisa ƙorama,
har inda gajimare ke kwana a cinyar Siyera,
inda Mamo Awelino ke zaune kan dutsensa,
tsohon da ya yi ƙuruciya a ɗakin duhu
don idonsa ya koyi abin da rana ke ɓoyewa.

Na zuba masa ganyen koka a jaka, ya zuba mini.
Bai tambayi jikin yarinya ba.
Ya ɗebi ruwa a ƙwarya, ya saki tsakiya ɗaya,
ya zuba wa kumfa ido
har ƙafata ta mutu a ƙarƙashina.

Ya ce, "Rigar da ke jikinta, wa ya saƙa?"
Na ce ni.
"Me kake tunani ranar da ka ɗaura zaren tsaye?"

Na yi shiru. Tsinken goransa na ƙarar-ƙarar.

Ai a watan ne Ilariyo, ƙanena, ciki ɗaya,
ya karkatar da ruwa zuwa gonarsa,
rogona ya yi yaushi, nasa ya yi kore shar.
Ban zage shi ba. Ban kai ƙara ba.
Masaƙa na nufa, na zauna,
kowane zare na wuce da shi, sai na buga da sunansa.
Yadi ya fito sumul, fari fat,
har maƙwabta suna yaba ƙarfin bugun.

Mamo ya ce, "Mu nan ba auduga kaɗai muke saƙawa ba.
Uwa ta kafa mazarinta a tsakiyar duniya,
rana na kai da komo tana saƙa mana shekara,
kai kuma ka sa wa 'yarka fushi ta kwana a ciki."

Ya miƙo mini ɗan tsokacin auduga,
bai kai girman farcen yatsa ba.
"Faɗa masa duka. Kada ka rage don kunya."
Na faɗa. Har da daren da na yi fatan kunya ta cinye shi,
har da wanda na yi fatan abin da ya fi haka.
Audugar ba ta canja launi ba,
amma da na naɗe ta a bawon masara
sai da na sauya hannu.

Kwana biyu ina hawa zuwa tabkin sama,
inda ƙanƙara ta ja baya ta bar baƙin dutse tsirara.
Na ajiye bashina a bakin ruwa, ban waiwaya ba.

Da na sauko, na tarar Mamo ya ɗaura mata farin zare a wuyan hannu,
ya kuma ce a kai ta wurin mai allura a gindin dutse.
Alfadari ɗaya ne a unguwarmu.
Kun san na wane ne.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Ilariyo ya ja linzami, ni na riƙe ta,
ba wanda ya ambaci ruwa.

Yanzu tana tsakar gida tana korar kaji,
ƙafafu kamar sillen kara, murya ta dawo.
Ko zare ne, ko allura, ko tabki,
ban tambaya ba.

Rigar kuwa na warware ta, dare uku,
zare bi zare, ina neman bakinsa.
Na wanke, na shanya, na sake ɗaurawa.
Saƙar ta fi ta farko sako-sako,
gefe ɗaya ma ya ɗan karkace.
Rogona har yau bai farfaɗo ba.
Ita take sawa.