Kwalabe Goma Sha Biyu

An aiko ni daga Samaru da kwalabe goma sha biyu,
da safar hannu, da littafi mai layi-layi,
aka ce: je ki fadamar Galma,
ki ɗebo ruwa, ki sa lamba, ki dawo.
Ba su san nan aka binne cibiyata ba.

Kwalba ta farko na cika a bakin kwalbati,
inda muke tare tarwaɗa da kwando muna yara.
Ruwan garau, har ina ganin yashi.
Abin da ya ba ni tsoro ke nan.
Ruwan da na sani bai taɓa kwanciya ba,
kullum 'ya'yan kwaɗi na dama shi kamar kunu.

Ga Kawu Barau da tankin feshi a baya,
ƙafa ba takalmi, hanci ba ƙyalle,
yana taka kunya yana kaɗa hannun famfo,
raɓar magani na sauka a gemunsa.
Na ce, "Kawu, iska ta juyo."
Ya ce, "Iska ba ta biyan 'yan ƙwadago.
Bara mutum takwas na ɗauka,
kwana tara, da tuwo, da goro.
Bana galan ɗaya, ni kaɗai, kafin azahar.
Ke da kika yi boko, lissafa min."

Na lissafa. Bai yi ƙarya ba.
Jiji da kirikiri ba su san tausayi ba,
shinkafar da ciyawa ta shaƙe
ba ta sayen ko ƙwayar zazzaɓi.

Sai dai littafina ba shi da layin lalo,
wanda Iya Tabawa ke tsinka a gefen kunya,
bana ya yi ja ya kwanta,
ta koma auno kuka a kasuwar Maigana.
Ba shi da layin tana,
na haƙa taƙi uku ban ga ko ɗaya ba.
Ba shi da layin balbela
da ta sauka, ta duba, ta tashi da yunwarta.

Ja'e ya ce saniyarsa ta yi ɓari
mako biyu bayan ta sha a mashaya ta ƙasa.
Ya kafe ni da ido: "Maganin ne?"
Na ce ban sani ba.
Aikina ke nan, in ce ban sani ba
har sai na'ura ta yi magana,
ita kuwa na'ura ba ta san sunan saniyar ba.

Ta biyar daga rijiyar masallaci.
Ta takwas inda mata ke wanki.
Ta sha ɗaya inda gona ke amayar da ruwanta cikin kogi,
kogin kuma ba ya tambayar kowa
kafin ya wuce gari na gaba.

La'asar ta yi, ƙishi ya kama ni.
Ƙaramar 'yar Kawu, Lantana, ta rugo da ruwa,
ta durƙusa ta miƙo da hannu biyu
cikin galan mai jan murfi,
hoton ƙoƙon kai bai gama gogewa a jikinsa ba.
"An wanke," in ji ta, "sau uku, da toka."

Ban sha ba. Ban kuma iya cewa komai ba.
Na buɗe kwalba ta sha biyu
na tsiyaya ruwan Lantana a ciki,
hannuna ya ƙi rubuta lamba.

Da dare na kwana a ɗakin Iya,
na kasa kunne ga fadama.
Damina ce tsakiya, ko kwaɗo ɗaya.
Da me ake auna shiru?

Da asuba Kawu ya raka ni bakin titi,
yana sosa bayan hannunsa da ya yi ɓawo.
Bai dube ni ba ya ce,
"In sakamako ya fito,
kada ki fara kai wa manyanku.
Ki fara zuwa nan."