Warwara

Wani ɗan jami'a ya tare ni a Kongo,
littafina a hammatarsa, bangon ya sha manja,
ya ce, "Malam, ilhama daga ina take zo maka?"
Na ce, "Daga Allah." Ya rubuta.
Ban yi ƙarya ba, amma na ɓoye saura.

Ga sauran, Ilu, in kana ji.

Ba a kan Kufena take samuna ba.
Na taɓa hawa da sabon biro da farar takarda,
na sauko da ƙaya da tsamin cinya.
A bas ta fi zuwa, tsakanin Ƙofar Doka da Samaru,
ran da wata tsohuwa ta ce da kwandasta,
"Canjina ya girme ka, ɗan nan, miƙo."
Mota ta ɗauki dariya.
Ni na zaro takardar kuɗin wuta
na rubuta a bayanta kafin mu kai Kwangila.
Shekara uku maganar na kwance a durowa
tana jiran bakin da zai dace da ita,
sai da na ƙago Iya Tabawa mai daddawa,
na yi mata gida, na yi mata bashi,
na ba ta ɗa a Legas wanda ba ya kira,
duk don ta faɗi kalma shidan nan.

Aikin kuwa, ba a aji na koye shi ba.
A zauren Baba Lurwanu ne, Limancin Kona,
inda na yi hutu biyu ina riƙe allura.
Na yi kwana tara a kan aska ɗaya,
na miƙa masa ina jin kaina.
Bai dubi gaban rigar ba.
Juya ta ya yi, ya shafa cikin da yatsa,
ya ce, "Gaba na mai saye ne, ciki naka.
Warware."
Na yi kuka a bayan randa.
Yau in na gama baiti sai in juya shi,
in lalubi ƙullin da na ɓoye.

Labari baƙo ne mai tarkace,
ya zo da mata da awaki, ya cinye maka damina.
Waƙa maƙwabciya ce mai ɗiban wuta,
a tsaye take gaisuwa,
in ka tsaya neman takalmi ta wuce.

Hauwa'u ke fara ji, tana tsinar shinkafa.
Ba ta yabo. In hannunta ya tsaya cikin tire
na san na taɓo wani wuri.
In ta ci gaba da tsinta ta ce, "Ƙamus ke magana,"
sai in tattara in koma ɗaki.

Da mahaifina ya rasu na yi masa baiti arba'in.
Akwai ɗango guda da ya fi duka kyau,
na ce bai taɓa ɗaga murya ba.
Amsa-amon ya zauna daram.
Amma ya ɗaga, Ilu. Har maƙwabta sun shaida.
Wata biyu ina kewaya ɗangon nan
kamar mai kewaya rijiya da dare,
sannan na soke shi.
Na sa tarinsa na asuba,
da yadda yake ɓare mana gyaɗa bayan ya yi faɗa
ba tare da ya kalle mu ba.
Waƙar ta ɗan gurgunce a wurin.
Na bar ta tana ɗingishi.

Daren jiya an ɗauke wuta tun magariba.
Da fitilar waya na rubuta layi goma sha ɗaya,
jirgin ƙasa ya yi kuka can wajen Sabon Gari,
sauro ya sha rabonsa.
Da safe na warware goma.
Ɗayan yana nan, ban yarda da shi ba tukuna,
na dai bar allurar soke a jikinsa.