Gagara-Rabo

A Punta Arenas, inda iska ke tanƙwara bishiya tun tana tsiro,
Eulalia Carcamo ta ture kofin shayi gefe,
ta buɗe littafin da ta rufe ranar da ta ajiye alli.

A falo 'ya'yanta uku na rabon gado.
Nibaldo na son jirgin kamun ƙaguwa,
Ximena na son bene,
auta kuɗi yake so, yau, ba gobe ba.
Muryoyinsu na ratsa katako kamar sanyi.

Ita kuwa biyu ta rubuta.
Ta jera irinsa har ɗari da ashirin da bakwai,
kowanne na ninka na gabansa,
sannan ta zare ɗaya tak,
kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa.

Sai ga ka, dogo,
alƙaluma talatin da tara, wutsiyarka bakwai.
Ta tura maka uku, ya dawo da ɗaya a hannu.
Biyar ya je, ya dawo da biyu.
Bakwai ma ya sha kunya.
Gagara-rabo, dutsen da ya ƙi wuƙa,
ba ka buɗe wa kowa ƙofa
sai ɗaya, sai kanka.

Ta duba ko kana da tagwai.
Taku biyu baya, biyar ya yanka maƙwabcinka;
taku biyu gaba, uku ya yi kashi-kashi da shi.
Ashe tilo ne kai, har a dangin tilo.

Amma kana da asali:
biyu ya haifi uku, uku ya haifi bakwai,
bakwai ya haifi ɗari da ashirin da bakwai,
shi kuma ya haife ka.
Kasa ka huɗu-huɗu, uku ke saura,
don haka babu murabba'i biyu da za su haɗu su ce su ne kai.
A bakin na'ura kuwa ɗaya ne kai, ɗaya, ɗaya,
babu sifiri ko na magani,
kamar turakun shingen tumaki da suka miƙe har bakin teku.

Ƙofa ta yi ƙara.
Ximena ce, da takarda da biro.
"Mama, saura teburin nan. Wa za a rubuta?"

Eulalia ta shafa gefen da Baldomero ya fere da hannunsa,
inda gwiwarsa ta ci katako shekara arba'in.
Ta ce, "Gwada uku."
'Yar ba ta gane ba.

A waje ƙanƙara ta fara sauka kan mashigin ruwa.
Tsohuwa ta ja fitila kusa,
ta koma kan alƙalami na goma sha tara,
don tana zargin hannunta ya yi rawa a wurin.